Katakon da Babu Shi Ya Ruɓe

Zuwa ga Mai Girma Mudir na Hukumar Raya Jiragen Masunta, uban talakawan bakin kogi, Allah ya ƙara wa kafaɗarka taurari.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ce Kulu, matar Ɗanjuma masunci, mai suyar kifi a Alshajara. Godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami, sai 'yan tambayoyi da suka maƙale mata.

Na ɗaya. Mun gode da kuka karɓe tsohon jirginmu na gabaruwa, kuka ba mu na faiba, fari tas. Ranar rabo ka faɗa ta lasifika cewa ko sili ɗaya na katako babu a jikinsa, don haka ba zai ruɓe ba har abada. Mun yi guɗa, ni ce ma na fara.

Na biyu. Bana Ɗanjuma ya lura bangon baya, inda ake ɗaure inji, yana lanƙwasa duk sanda ya ba da wuta. Ya kira Abdulganiyu mai gyaran jirage. Shi kuma ya ƙwanƙwasa da guduma, ya huda ɗan rami, sai ga baƙin ruwa yana tsiyaya kamar gahawar jabana. A cewarsa akwai katako tsakanin fatun faiba biyu, ruwa ya bi ramin kusoshin inji ya shiga, ya rasa hanyar fita. Ranka ya daɗe, me ake kiran abin da babu shi amma yana wari?

Na uku. Mijina ya ƙunso ruɓaɓɓen a leda ya kai ofishinku. Jami'inku ya sansana, ya ce tunda jirgin ba shi da katako, wannan jita-jita ce. Washegari aka gayyaci Abdulganiyu wani gida da ba a faɗin unguwarsa. Ya dawo lafiya, alhamdulillahi, sai dai yanzu ba shi da ra'ayi a kan katako. Ko kujera aka ba shi, tsayuwa yake zaɓa.

Na huɗu. Gyaran ba wani abu ba ne. A fid da jirgi tudu, a yanke fatar ciki, a kankare ruɓa, a bar rana ta busar da wurin, a sa sabon katako a lulluɓe da ƙyallen faiba da gam. Amma yankan, in ji ku, ɓarnar kayan gwamnati ne. Maimakon izini kuka aiko mana da gwangwanin fenti kyauta. Ɗanjuma mutum ne mai biyayya, ya shafa, ya sake shafawa. Yanzu in ya fita da asuba, tun daga nesa ake ganin ƙyallinsa, ni kuma ina tsaye bakin kasko ban san wane kifi nake juyawa ba. Tsoro nake ji, Mudir, ba zan ɓoye maka ba.

Na biyar, kuma shi ne dalilin godiyar. An sanar da mu cewa jirginmu ya fi kowane sheƙi, shi zai ɗauko ka daga Omdurman ranar bikin juyin mulki, lokacin da kogi ya fara cika. Kujerar babban baƙo a baya take, daf da inji. Na ɗinka maka matashi.

Maƙwabta sun ce in ja bakina, wai iya ruwa fid da kai, Ɗanjuma zai fito, saura kuma ikon Allah. Ba su san shi ba. Mijina bai taɓa barin ko akuya ta nutse yana kallo ba. Zai koma dominka, kai kuma ga takalman soja, ga lambobin yabo, ga jikin da Allah ya hore maka. Na auna ku a ido, ba zai iya ba.

Saboda haka, in ba za a ba da izinin gyara katakon da babu shi ba, ina roƙo cikin ladabi ka zo da silifa, ka bar lambobin a gida. Ba ni da wani mijin.

Taka mai biyayya, a tudu da cikin ruwa,

Kulu matar Ɗanjuma,
Bakin kogi, Alshajara.