Hannun da Ya Saba Juya Ƙwai

"Lafiya lau na tashi, sai dai ganin fuskarka tun ban karya ba," in ji Kaka, tana zare hannunta daga cikin firji a hankali.

Jikanta ne a bakin ƙofa, wanda ake kira Mai Firji saboda sana'arsa. Sati biyu ke nan da magina suka tono ƙwan kunkuru tara a bayan gida. Shi kuwa ya kwantar da wani mataccen firji a ɗakin Kaka, don nan ne kaɗai ke da wutar sola, ya sa fitila da ma'aunin zafi da yashi mai danshi, ya jera ƙwan, kowanne da ɗigon fensir a samansa. Doka ɗaya ya kafa: kada a taɓa. To, wa ya isa ya kafa wa Kaka doka a ɗakinta?

Ya leƙa. Ɗigo takwas suna sama, na tara ya koma gefe.

"Tsohuwa, wa ya juya wannan?"

"Ni. Sauran ma ƙafarka ce ta cece su. Miji ne kai ko ɗan sanda?"

"Mijin da ya auri mai hannun ƙaiƙayi. Ban ce kada a taɓa ba?"

"Shekara hamsin ina kiwon kaji, tun ubanka na yawo ba wando. Ƙwan da ba a juya ba baragurbi yake zama."

"Kama da wane ba wane ba ne. Kunkuru binne nata take yi ta kama gabanta. Ɗan a sama yake manne, kina juyawa ya nutse."

"Uwar banza ke nan. Shi ya sa 'ya'yan suke tafiya irin taka ran da aka aike ka."

"Gara su, suna isa. Ke daga gado zuwa ƙofa sai kin yada zango."

"Ka ji mara kunya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da ni nake zura mata zare a allura?"

Ta harare shi, amma kalmar nutsewar nan ta tsaya mata a rai. Kullum in ta idar da salla takan zauna gefen firjin tana yi wa ƙwan hira, har ta fara son su. Tsoro ya kama ta sosai, sai dai ko za a yanka ta ba za ta nuna ba.

"Yau zan kwashe su zuwa shago," ya ce.

"Taɓa ka gani. A ɗakina suka saba, a ɗakina za su fashe. Kai da shagon da ko ɓera ya yi masa yaji?"

Ya saki labule, ya kunna fitilar waya, ya kara ta a jikin ƙwan da ta juya ba tare da ya ɗaga shi ba. Kaka ta matso har kanta na gugar kafaɗarsa. Ga jajayen jijiyoyi nan sirara a cikin ɓawon.

"Da rai?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yanzu dai da sauransa. Sai nan da kwana uku mu sani."

"Ai na sani. Hannuna magani ne."

"To bari in buɗe miki sauran takwas ɗin."

Ta duƙa ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta cire kwaɗon da ke jiki, ta dangwara masa a tafin hannu har da makullin.

"Ungo, datse firjin. Ba wai ka fi ni gaskiya ba ne. Ni na ji maganarka, hannun nan ne ba ya ji."

Ya fashe da dariya. "Makullin fa, in ajiye miki a ina?"

"A aljihunka, sakarai. Ko na roƙe ka da kuka, kada ka ba ni."