Rasuwar Baƙuwa, Libarbar da Ta Tsare wa Gwaggo Ƙofar Harami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu mai zafi a ƙarƙashinsa wanda bai dace da takardar ta'aziyya ba, ni Majid ɗan Mukhtaru, a madadin zuriyar kakanmu marigayi Malam Usaini na unguwar Misfala a nan Makka, nake sanar da 'yan'uwa na unguwannin Utaibiyya da Shisha, da duk wanda ke cikin zauren gidanmu na waya, rasuwar Baƙuwa. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, a kan matakalar benen Baffa Abdulbaƙi, bayan doguwar jinyar da kowa ya sani amma babu wanda ya taɓa ambata.

Saboda yaran gidan da suka tashi suna jin ana cewa "Baƙuwa" a rage murya, har wasu suka ɗauka aljana ce, bari in fayyace. Baƙuwa bindiga ce. Na rubuta kalmar, ga shi rufi bai faɗo mana ba. Ƙaramar libarba ce, wadda 'yan nan ke kira musaddas, mai ganga mai juyawa da gajeren baki, ba ta fi tafin hannun babban mutum ba.

Marigayiyar ta shigo Makka tun kafin a haifi mahaifina. Wani maniyyaci mai suna Alhaji Zali, wanda ya taho ta ƙasa, shi ya zaɓe ta a wata kasuwa a hanyar Cadi. An ce an nuna masa dogaye masu kyau, ya ƙi, ya ce hanya da nisa, iyakoki da yawa, yana son wadda za ta kwanta a ƙarƙashin riga ta yi shiru. Ta kuwa yi shiru har suka haye teku. Sai da ya sauka a gidan kakanmu ya zo ɗaura ihrami ya tuna cewa mayafi biyu ba su da aljihu. Ya naɗe ta a tsumma, ya ba Malam Usaini ajiya, ya ce zai karɓa in an sauko daga Arfa. An sauko. Bai zo ba. Babu wanda ya san ko rasuwa ya yi a Mina, ko wata tawaga ya bi. Kakanmu ya yi cigiya a tsakanin alhazai shekara da shekaru, ya gaji, ya saka ta a akwatin ƙarfe ya kulle. Amana ce, kuma a Makka aka ba da ita.

Ranar da kakanmu zai rasu, 'ya'yansa uku suna gabansa. Maza biyu an yi musu takardun zama a ƙasa tun suna ƙanana, domin za su nemi aiki. Mace ɗaya, Gwaggo Khairiyya, ba a yi mata ba, wai mace ce, ina za ta. Ita ya miƙa wa tsumman, ya ce kada ta bar shi inda ba ta nan. Ba a daɗe ba aka rushe gidan Misfala, aka koma haya a Utaibiyya, ɗaki ba mukulli, yaran maƙwabta suna shiga suna fita. Gwaggo ta ɗinka jakar fata, ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane. Sama da shekara talatin ke nan ba ta kwance ba sai don wanka.

Muna shaida cewa marigayiyar tana da kyawawan halaye. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Babu wanda ke raye da ya taɓa jin ta yi magana irin ta danginta. Sautinta kawai wani ɗan "ƙwas" ne, idan Gwaggo ta sunkuya ta bugi bakin faranti, da wani "ƙiris" da take yi in an zauna a kujerar tasi. Ba ta tona asiri. Ba ta kama zane, ba ta turo abaya. Ta halarci kowane suna da kowane biki na gidan nan, ta yi layin burodi, ta yi gudun 'yan baladiyya masu kamen 'yan talla a lungunan Misfala sau ba adadi, ba ta taɓa faɗuwa ba. Ɗan baffana Talal, wanda ya bincika a wayarsa, ya tabbatar mana cewa irinta ce mutanen wasu ƙasashe ke zaɓa don yawo da ita kullum a ɓoye: ƙarama, marar nauyi, ba ta cika cijewa ba. Ina so in ga ɗaya daga cikin masu wannan yabon ya ɗaure ta a ƙugunsa a zafin Makka, ya zauna kan kwalta yana sayar da alkamar tattabaru, sannan ya dawo ya sake gaya mana batun rashin nauyi.

Domin aikin Gwaggo ke nan, ga wanda ya manta. Tana zaune da farantinta a gefen hanyar da ke gangarawa Harami, alhazai suna saye suna watsa wa tsuntsaye. Hasumiyoyin suna gabanta. Tattabarun da ta ciyar suna tashi su shiga, ita ba ta shiga. Ba za ta kai makami Ɗakin Allah ba, ko da babu masu bincike a ƙofa, kuma akwai su. Ba za ta ajiye ba, domin mahaifinta ya ce kada ta ajiye. Saboda haka a watan azumi, in sahu ya malalo har titi, a can wutsiyar sahu za ka same ta, kan kwali. Mutane suna sayar da gona su zo daga Kano da Damagaram su yi ɗawafi su koma. Ita tana jin ƙamshin wurin, rabonta da ganin Ka'aba da idonta tun kafin a haife ni.

Kowa ya san wannan, kuma a nan takardar ta'aziyya za ta ɗan yi haƙuri da ni. Sa'a biyu kawai ake bukata, wani ya riƙe mata. Baffa ya ce shi ma'aikacin ofis ne, in aka same ta a hannunsa ya rasa aiki. Mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce yana da shago da lasisi. Aka yi lissafi a zuci, aka ga wadda ba ta da takarda ita ce ba ta da abin asara, kamar kurkuku da jirgin kora ba asara ba ne. Ni na nemi ta ba ni. Ta dube ni ta ce ta san bakina ta san hannuna, kafin ta gama zagaye na biyu na ɗawafi na kai Baƙuwa ga hukuma. Ba ta yi ƙarya ba. Na kawo musu maganar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ta hana ɗaukar makami a Makka. Aka ce madalla da karatu, aka zuba mini shayi. Na ce a je a tambayi malamai, aka ce a bari bayan Hajji. Hajji nawa aka yi? A gidan nan, in abu ya daɗe yana cutar da mutum ɗaya, sai mu sa masa suna mai daɗi mu ce gado ne.

Ciwon ajalin marigayiyar tsatsa ne. Gumi ya ci ta a hankali, har gangarta ta daina juyawa, kunamarta ta ƙage. Jakar ma ta ruɓe. Ranar Talata Gwaggo tana hawa bene za ta duba matar Baffa, gwiwoyinta suna gardama kamar kullum, sai igiyar ta tsinke. Baƙuwa ta sulluɓe ta bi matakala. Wannan ne karo na farko da ta yi surutu: ƙwal, ƙwal, ƙwaram. Da ƙanwata Mubina ta sauka ta kwaso ta, ta rabu uku. Ƙotar ta tsage, gangar ta yi nata wuri, kunamar kuwa a bayan takalman maƙwabta aka samo ta.

Gwaggo ta zauna a kan matakala, hannunta a ƙugu. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai: "In mai ita ya zo, me zan miƙa masa?"

Da a ce maganar ta tsaya nan, da ban dame ku da rubutu ba. Amma washegari manyan gida suka zauna a majalisar Baffa, kuma na rantse da Allah abin da suka tattauna shi ne wace iri za a sayo a maye gurbinta, don amana ta cika. Talal yana zagayawa da waya yana nuna hotuna. Mahaifina ya fi son mai gajeren baki irin ta da, kada ta tokare wa Gwaggo haƙarƙari. Baffa ya ce a nemi wadda ba ta tsatsa, ta daɗe. Wani ya kawo shawarar mai sauƙin nauyi, tunda ta manyanta. Kun ji tausayi. Suna auna ƙugun 'yar'uwarsu tana can kicin, ba wanda ya tashi ya tambaye ta. Baffa har ya ce ya san wani da ya san wani, bayan Juma'a za a kawo.

Na ce, "Baffa, wadda ta mutu amanar Alhaji Zali ce. Wadda za ku sayo laifinku ce, kuma a ƙugun wa za ku ɗaura?"

Ya ce, "Ya Majid, halas, ya isa. Kai ka yi makaranta, mu mun yi shekaru. Ana barin kaza cikin gashinta."

Na ce kazar tana kicin, kuma an daɗe da fige ta. Aka ce in fita. Na fita.

Shi ya sa nake wannan sanarwa a rubuce, a gaban kowa, mata da maza, har da 'yan'uwanmu su Samah da ke Jidda. Baƙuwa ta rasu. Ba suma ta yi ba, ba tafiya ta yi ba. Ba a kai ta wurin mai walda, ba a yi mata ƙanwa. Duk wanda ya shigo da wata cikin gidan nan, ya ɗaura a nasa ƙugun, ya je ofis da ita.

Marigayiyar ta bar marayu biyar, harsasan da suka zo tare da ita, waɗanda suka yi kore don tsufa kuma ba wanda ya san halinsu. Ta bar jakar fata guda, da wani baƙin tabo a ƙugun Gwaggo wanda Mubina ta ce ya yi kanta kamar tafin ƙafa. Ta bar tafiya a karkace, domin har yau Gwaggo tana jingina ga ɓangaren da babu komai. Ta bar maza biyu masu takardu cikin ƙoshin lafiya. Ba ta bar magaji ba.

Daga majalisa kicin na wuce. Na tarar da Gwaggo tana tsince alkama. Na gaya mata abin da ake shiryawa, na tambaye ta ita me take so. Na fara tsoron za ta ce a sayo. Sai ta ce waccan ta san halinta, sabuwa kuwa ba da ita mahaifinta ya haɗa ta ba. Ta ce tun Talata take tunanin Alhaji Zali: ya tafi Arfa, ba a san ko ya dawo ya yi ɗawafinsa ba. Sannan ta ce, "Ƙarfensa ba zan iya mayar masa ba. Amma ina da sauran ƙafa. Zan zagaya masa bakwai, Allah ya kai masa."

Sauran ƙafar nan ita ce abin da ya hana ni zama. Likita ya riga ya yi magana a kan gwiwoyin, kuma ta ce ba za a tura ta a keke ba. Ba mu da wani "bayan Hajji".

Ga tsarin jana'iza. Ranar Alhamis da hantsi, kafin wanin da ya san wani ya iso, za a ɗauki gawar da marayunta daga gidan Baffa a Shisha. Na tambayi lauya yadda ake miƙa irin wannan ga hukuma. Masu ɗaukar makara su ne Baffa Abdulbaƙi da mahaifina, domin kayan mahaifinsu ne, kuma abin da za su faɗa ke nan, gaskiya ce. Ni zan tuƙa. Mahaifina ya amsa da ka. Baffa bai amsa ba tukuna, kuma motar za ta tsaya a ƙofarsa tana ƙugi har sai ya sauko, maƙwabta su yi ta leƙe. Ba za a kai marigayiyar Harami a yi mata salla ba. Ta tsare ƙofar ya isa. Babu zaman makoki, babu shinkafa, kada kowa ya turo mini hoton wata mai kama da ita.

Bayan la'asar a hallara a inda Gwaggo ke ajiye farantinta. Sa'adiya maƙwabciyarta za ta riƙe mata ciniki. Mubina za ta kama hannu ɗaya, ni ɗaya, sauran ku biyo baya a hankali, da takunta. Mai shawara ya bar shawararsa a mota.

Gwaggo ta roƙi abu ɗaya, kuma na yi alkawarin isar da shi. Ta ce in mun kai ƙofa, kada wani ya ce tsohuwa ce a bar ta ta wuce. Tana so ta tsaya a layi, ta ɗaga hannuwa, mai binciken ta laluba ta sosai, har ƙugu.

Allah ya jiƙan Alhaji Zali, ya jiƙan Malam Usaini. A zo da wuri.