Yadda Kwamfuta Ta Ba Ni Kofin Ƙirƙira

Jama'a, ku taya ni murna ko ku yi mini jaje, duk wanda ya fi muku sauƙi. Jiya na fita daga gida ina Malam Sha'aban mai faci, mutumin da ko a kan iskar taya ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Na dawo da kofi a hammata, wai ni ne gwanin ƙirƙira na ƙasar Katagum baki ɗaya.

Ga yadda aka yi. Burtsatsen unguwarmu a nan Azare bai sake ɗigo ba tun ranar da aka buɗe shi. Matanmu sun gaji da jiran 'yan garuwa, mu kuma mun gaji da jin mitarsu. Da aka ji Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, wanda almakashinsa ba ya hutawa, zai zo buɗe wata sabuwar cibiya, sai dattawa suka ce ni zan kai kukanmu, tunda ni ake yarda da maganata.

Sunan wurin Cibiyar Auna Ƙirƙira. A bakin ƙofa na tambayi maƙwabcina Alhaji Kashim, "Alhaji, ita ƙirƙirar da mudu ake auna ta ko da sikeli?"

Ya ce, "Malam, mu dai a saninmu, wanda ya ƙirƙiri magana tsawata masa ake yi. Amma ka san su manya komai sai sun gina masa ofis."

A ciki wani masani mai suna Zayyad, ya shaƙe wuyansa da laktaye a wannan zafin, ya yi mana bayani. Wai so suke su gano yadda fuskar kwamfuta, wato maɓallanta da hotunanta, take taimaka wa mutum ya fito da sabon tunani daga kansa. Ka zauna, ka yi mata magana, ta ba ka maki. Allah ya saka wa manyanmu, sun hango cewa abin da ya rage mana ke nan a garin nan.

Aka fara da Jalo, wani Bafulatani da ya zo daga Bulkachuwa sayar da rago, aka janyo shi don cika kujeru. Aka ce ya ƙirƙiro wani abu. Ya dubi allon ya ce, "Mi anndaa," wato ban sani ba da Fulatanci. Kwamfutar ba ta taɓa jin kalmar ba, nan take ta ba shi maki mai tsoka. Aka tafa. Jalo ya tambaya ko zai iya komawa wajen ragonsa.

Da layi ya zo kaina, na gyara murya, na dubi Mai Girma na ce, "Ranka ya daɗe, burtsatsenmu babu ruwa."

Kwamfutar ta yi ɗan tunani, sai ga hoton burtsatsen namu yana ta ambaliya, Mai Girma yana kurɓa yana murmushi. Na gane hoton. Ranar buɗewa ce, da aka sa 'yan garuwa suka cika tankin tun da safe.

Zayyad ya yi tsalle. "Allahu akbar! Wannan magana babu ita a duk abin da aka zuba wa kwamfutar. Sabuwa ce fil!"

Na ce, "Yaro, wallahi ko ɗigo babu."

Maki ya ƙara hawa.

Raina ya ɓaci. Na ce matata Dijatu da ruwan alwalata take wanke shinkafa, ku taso mu je ku gani da idonku. Allon ya cika da taurari, har da wani kiɗa. Mai Girma ya miƙe ya danƙa mini kofin gasar, ya rungume ni yana cewa, "Irin waɗannan haziƙan muke nema! Da ganinka za ka yi nisa." Na laluba maɓallin da zan danna in ce ban yarda ba. Uku ne kacal: Na Gode, Na Gode Ƙwarai, da Allah Ya Ƙara Girma. Na danna mafi ƙanƙanta.

Kafin in iso gida hotona ya riga ni a wayoyin mutane. Abin da ya fi ƙona mini rai, Alhaji Kashim da muka yi shekaru muna kallon busasshen famfon nan tare, ya je ya sake murɗa shi don ya tabbatar. Ya dawo yana cewa, "To Malam, ni ma ban ga ruwa ba. Amma kwamfuta ba ta da abokin gaba a unguwar nan, me zai sa ta yi maka sharri?"

Dijatu kuwa, ina shiga na ce mata na gaji. Ta ce, "Da gaske, ko ita ma ta gasa ce?" Sannan ta karɓi kofin, ta ce ko ba komai an samu abin sha. Ta zuba ragowar ruwan randa a ciki, ya bi ta ramin ƙusar da ke gindinsa ya tsiyaye a ƙasa tas.

Don haka ina sanar da ku, kofin ma ba ya riƙe ruwa. Amma kada ku yarda da ni, ku jira kwamfuta ta faɗa.