Yadda Za Ka Shawo Kan Suruka Mai Takalmin Taya

Kai saurayi, matso kusa. Idan uwar budurwarka na cikin matan nan da ke ɗaura takalmi mai taya suna bangazar juna ranar Asabar da rana, to kakarka ta yanke saƙa. Shekara goma sha biyu ina yagar tikiti a ƙofar tsohon siton nan na San Antonio a Amurka, inda suke wasan, ba abin da idona bai gani ba. Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari za ta san da zamanka. Shaidata Terrence, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wata takwas yana neman Marisol, ita kuwa ta rantse ba aure sai uwarta Lupe ta yi na'am, Lupe kuma ko gaisuwarsa da ka take amsawa.

Mataki na 1: Tambayi launi kafin ka sa riga

Ƙungiyar Lupe kore take sawa, abokan karawarsu kuma ja. Terrence ya zo da jar riga sabuwa fil, ta sha guga. Marisol ta dafe kai.

"Wayyo, Terrence! Da gangan ka yi, ko so kake in mutu ba aure?"

Ya sayi kore a wurina dala goma sha biyar. Ƙarama ce ta rage, sai ya shiga da cibiya a waje. Kada wannan ya dame ka, suruka na son ganin abin da 'yarta za ta ciyar.

Mataki na 2: Zauna a ƙasa

Benci na matsorata ne. Mai neman aure daɓas yake zama a bakin fili, dab da layin da aka ja, inda ba a barin yara domin nan mata ke zubowa. Terrence ya zauna da farantin nachos a cinya, wato soyayyiyar masara mai cuku.

Mataki na 3: Kada ka riga kowa ihu

Ba sai ka san dokoki ba, rabin mutanen da ke wurin ma ba su sani ba. Kowace ƙungiya na da mace ɗaya mai tauraro a hula, ita ke cin maki idan ta wuce abokan gaba, sauran kuma aikinsu tare hanya. Lupe mai tare hanya ce. Shekararta hamsin da uku, nas ce a asibitin yara, amma a fili Guduma ake kiranta, kuma ba a banza ba.

Dabarar ita ce ka jira na kusa da kai ya yi ihu, sannan ka ɗauka. Terrence ya yi azarɓaɓi. Yana ganin mai tauraro ta ɓulle ya miƙe tsaye yana tafi, shi kaɗai tilo. Ashe ta jajayen ce, kuma Lupe ce aka kewaye. Wata tsohuwa ta ja shi ta baya.

"Zauna, ɗan nan, kafin in zaunar da kai."

Mataki na 4: Idan ta faɗo kanka, kada ka ji tausayinta

A nan samari ke hallaka. Ana cikin zagaye na biyu wata ƙatuwa ta ɗauki Lupe da kwankwaso, ta taho suuu, ta sauka a ƙirjin Terrence. Cuku ya tashi sama. Bawan Allah, numfashinsa bai gama dawowa ba ya riƙe hannunta gam, yana kiranta Sinyora, wato uwargida.

"Sinyora, kin ji ciwo? Ki ɗan huta mana, kin san shekaru..."

"Sake ni!"

Kafin ya sake ta, jajaye sun ci maki huɗu. Marisol ta ja riga ta rufe fuska. Shi kuwa ya ji a ransa aure ya tafi, har idonsa ya kawo ruwa, kuma ba don haƙarƙarin kaɗai ba.

Mataki na 5: Miƙa hannu ko da ba ka da fuska

In an tashi, 'yan kallo kan jeru a bakin fili su miƙa hannu, 'yan wasa su zagayo suna tafawa. Kore sun ci wasan da ƙyar. Terrence ya so sulalewa, Marisol ta tura shi layi. Lupe ta taho tana tafa hannun kowa, tana zuwa gabansa ta ja birki. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ka ƙara ambaton shekaruna, sai na cire maka haƙori."

"To, Sinyora."

"Amma ba ka kauce ba." Ta danna cikinsa da yatsa. "Kuma kana da laushi. Asabar mai zuwa nan za ka zauna, kada ka matsa ko taku ɗaya."

Ta wuce abinta. Marisol ta daka tsalle ta rungume shi, ya yi ƙara.

"Ta yarda! Wurin babana ne fa ta ba ka. Shekara tara yana zama a nan."

"Me ya tashe shi?"

"Likita."

Sanarwa: Na ce za ta san da zamanka, ban ce za ka iya tashi ba. Karaya, targaɗe da aure duk kai ka jawo wa kanka. Ni tikiti kawai nake yaga.