Ranar da na auna ciwon Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da na koma gida Andarai, ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya a Jega. A lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Allura ɗaya tak na taɓa yi (ita ma a jikin lemo), amma a gida kowa "Likita" yake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Na tarar da gidan a hargitse saboda Kaka, mahaifiyar babanmu. Shekara uku ke nan da tsufa ya rikita ta. Takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Duk da haka fara'arta na nan. Sai ga shi kwana huɗu ta sauya: ba ta cin tuwo, ba ta bari a wanke mata fuska, wanda duk ya matso sai ta kai masa duka. Wasu suka ce iska ce. Baba ya ce a jira Likita.

Likita kuwa ta zo da shirinta. Na zura farar rigata ta makaranta (a tsakar gida fa, tsakanin kaji da buhunan albasa), na ɗauko takardar da aka koya mana awon ciwo da ita. Fuskoki ne a jere, daga mai murmushi har mai kuka, mara lafiya ya nuna wadda ta dace da abin da yake ji. Matan gida da maƙwabta suka yi mana zobe.

"Kaka, akwai inda ke miki ciwo?"

"Lahiya lau," ta ce, tana yamutsa fuska.

"To nuna mini wadda ta yi kama da yadda kike ji."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan mai murmushi. Na miƙe, na gyara wuyan riga, na sanar wa jama'a cewa Kaka ba ta da ciwo ko ɗigo, rikicin tsufa ne kawai ya ƙaru. Har da ɗan wa'azi na yi a kan illar camfi.

Goggo Hajo, ƙanwar Baba, wadda ke kula da Kaka dare da rana, ta durƙusa kusa da ita. "Inna, mi kig gani nan?"

Kaka ta sake dangwala yatsa. "Ga Malam nan. Ya yi ƙiba."

Malam dai shi ne kakanmu, marigayi. Tsakar gida ta kaure da dariya.

"Likita," in ji Goggo, "ni ban yi boko ba, amma ni ka yi mata wanka. Kwana huɗu ba ta taɓa goro ba. Ko hura sai ta karkata kai take sha. Kuma dubi hannunta, bai barin kuncinta na hagu."

Mai hankali da ya yi shiru. Ni sai na ce, "Goggo, ai mara lafiya ya fi kowa sanin jikinsa." Don in tabbatar da maganata, na sunkuya na danna kuncin da yatsa.

Ban ga tasowar hannun ba, ƙararsa kawai na ji a kunnena. Tas!

"Wayyo, wagga yarinya ta kashe ni!" in ji Kaka.

Ina dafe da kunci, Goggo ta lallashe ta da ƴar waƙa har ta buɗe baki. Dasashi ya kumbura suntum, turmin haƙori ya ruɓe. Kwana huɗu baiwar Allah tana fama, ta rasa kalmar da za ta faɗa mana, sai dai duka. Dariyar ta tsaya, kunyata kuma ta ninka.

Ranar muka kai ta asibiti a Maiyama. Ma'aikaciyar jinyar ta yaba, ta tambaya wa ya gano ciwon. Baba (Allah Ya saka masa da alheri) ya buɗe baki zai nuna ni, na yi sauri na tura Goggo gaba. Bayan ƴan kwanaki Kaka ta cinye malmalar tuwo biyu, ta ce ba a ba ta ba. Muka yi ta hamdala.

Yanzu ina aiki a Aliero. Idan aka kawo tsohon da ya rikice ya ce mini lafiya lau, sai in amsa da ladabi, sannan in zauna in kalli fuskarsa, da tafiyarsa, da inda hannunsa ke yawan komawa, in tambayi mai kula da shi abin da ya daina yi. Idan kuma dole sai na taɓa wurin, nakan fara sanarwa, in kuma duba wane hannu ne ya fi kusa da ni.