Alluran Da Na Tsinta A Ƙofar Shagona

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai wa Malam Habu ƙarar kayan aikin titi ba. Ni tela ne a Karaye, shagona na bakin hanyar shiga kasuwa, wadda kowace damina takan zama kwatami. A shekarar ne aka zo za a yi mana ita da kankare. A shekarar ne kuma Ɗanlami, abokina tun muna makarantar allo, ya buɗe nasa shagon ɗinkin daura da nawa. Na yi masa fatan alheri da baki, amma duk wanda ya shiga wurinsa da yadi sai na raka shi da ido (har waɗanda ban taɓa yi wa ɗinki ba).

Ranar nan na zo buɗe shago, sai na ga wasu 'yan wayoyin ƙarfe warwatse a bakin ƙofa, tsawon allura, kowace an lanƙwasa bakinta. Na ja da baya. Mai shayin gefenmu kuma ya ce, "Ai kuwa ɗazu na ga Ɗanlami tsugune a nan." Shi ke nan, na yanke hukunci a zuciyata: asiri aka yi mini don a kwashe masu kawo ɗinki. Na sa tsinke na tattara su a ƙyalle (hannu kam ban yarda ba), na nufi zauren Malam Habu, limamin unguwarmu, ina tafe ina karanto duk addu'ar da na iya.

Na tarar da zauren cike da masu gaisuwa, Ɗanlami ma yana ciki. Maimakon in jira a watse, sai na ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Na durƙusa, na kwance ƙyallen a gaban kowa.

"Allah gafarta Malam, ga abin da aka zuba mini a ƙofa. Kuma na san wanda ya yi, ba kowa ba ne illa..."

"Dakata, Isa." Malam ya ɗaga hannu. "Kada ka kama sunan kowa. Waiwaya ka duba bayanka."

Na waiwaya. Buhuna ne jibge a lungu, ɗaya ya yage, irin wayoyina sak suna zubowa.

"Masu aikin titi suka ba ni ajiya saboda ruwa," in ji Malam. "In asiri ne, ai na fi ka shiga uku."

Zaure ya ɗauki dariya, har wani dattijo yana tari. Malam ya maimaita mana bayanin da injiniyan aikin ya yi masa: cikin kwaɓin siminti ake zuba su, su riƙe kankaren ta ko'ina, kamar ciyawar da magina ke sa wa kwaɓin ƙasa. Ba sai an shimfiɗa rodi mai yawa ba, titin ba ya saurin tsagewa, ba a kuma yawan faci. Ni dai da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Sai Ɗanlami ya yi magana a hankali, bai ko dube ni ba. "Malam, motar da ta kawo su ce ta zubar. Na tsince da yawa, saboda Isa ba ya sa takalmi in zai yi alwala. Ashe akwai saura."

Wannan ta fi dariyar ciwo. Na san ya gane sunan da Malam ya tare mini a baki, kowa ma ya gane. Amma tunda ban furta ba, akwai sauran hanyar komawa.

Da yamma na tsallaka shagonsa don in ba shi haƙuri. Kafin in haɗa kalma biyu ya tura mini ƙullin yadi. "Ɗinkin biki ya yi mini yawa, ɗauki wannan ka taimake ni." Har yau bai taɓa tayar da zancen ba.

Titin yana nan garau, damina ta zo ta wuce ba mu nannaɗe wando ba. Na gode wa Allah, na gode wa Malam da ya riga harshena, na kuma gode wa Ɗanlami da ya fi ni zuciya mai kyau. Yanzu in zan kai ƙarar mutum, sai na fara waiwayawa.