Bulama Ba Ya Shiga Buhu

"Wushe, wushe! Amarya, kin tashi ko tsufa ya danne ki a tabarma?"

Ina jin muryar nan na jingine tsintsiyata, don na san yau akwai kallo kyauta. Muhsinu ne, jikan Ya Kellu maƙwabciyata, tsohuwar da ke sayar da bandar kifi a kartiyenmu, wato unguwarmu, a garin Diffa. Zana kawai ta raba gidajenmu, ni kuwa ba zan rantse ba na leƙe ba. Nabila, matar Muhsinu, haihuwa yau ko gobe, iyayenta kuma suna nesa, don haka aka shirya a ɗakin Ya Kellu za ta yi wankan jego. Tsohuwa ta ƙwallafa rai a kan haka, har sabuwar leda ta shimfiɗa. Sai dai ɗakin yana da mai shi: Bulama, wani tsohon muzuru mai yagaggen kunne, wanda ƙuma ta mayar da jikinsa kasuwa. Muhsinu ya shigo da wofin buhun tattasai a kafaɗa.

"Lale da mijin banza," in ji Ya Kellu. "Me ka kawo mini? Goro ko turare?"

"Na kawo miki sammaci. Ke da kwartonki."

"Kwarto? Bulama ne mijina na gaskiya. Shi ke tsare mini kifi daga ɓeraye, kai kuwa in ka zo, kifin ne ke neman mai tsare shi. Ranar da aka ce kai ne mijina na san tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri."

"Birin dai ba ya susa. Dubi mijin naki, tun da na shigo yake kaɗa gurmi da ƙafar baya."

"Waƙa yake mini. Kai ka taɓa yi mini?"

"Ƙuma ce, amarya. Ga kaska a bayan kunne, ta ƙoshi har ta fi ki ƙiba. Ga ciki kamar tulu, ƙafafu kamar tsinke, tsutsa ce fal a ciki. Yau sai elbaj, wurin likitan dabbobi. A yi masa allurar riga-kafin ciwon haukan kare, a ba shi maganin tsutsa, a ɗiga masa na ƙuma a ƙeya."

"Allura? Lafiyarsa lau za a tsira masa allura? Ka taɓa ganin an yi wa mai rai sallar gawa?"

"Riga-kafi ya fi magani."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ga layar da ke wuyansa? Tun da na ɗaura ta ko atishawa bai yi ba."

"Na gani. Ƙuma ma a ƙarƙashinta take shan inuwa."

Na toshe baki da gefen mayafi. Ya Kellu ta wurga masa mafici, ya kauce.

"Ɗan nema! To in ƙuma ce, ai na gama da ita. Jiya Maina mai gonar tattasai a Geskeru ya ɗibar mini maganin feshinsa a kwalba. Anjima in rana ta yi zafi zan yi wa Bulama wanka da shi."

Dariyar Muhsinu ta ɗauke ɗif. Ya nufi gindin randa, ya ɗauke kwalbar, ya cusa a aljihu.

"Wannan kam ba ki isa ba. Bulama tattasai ne? Muzuru da harshe yake wanka. Ki shafa masa wannan da hantsi, kafin azahar ki shiga takaba."

"In na yi takaba ba gaba ta kai ka ba? Ka huta da kishi."

"Allah ya sawwaƙe in gaji matar muzuru. Ki ji ni da kyau: kin san karen da ya haukace a bayan kasuwa, wanda ya ciji yaro aka yi ta jigila da shi zuwa likita. Bulama yana haura katanga yana yawon duniya, wa ya san da wa yake faɗa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

"Gemu? Kai da gashi uku a haɓa?"

"Uku ɗin zan shafa wa ruwa. Na rantse ba zan kwantar da jariri a ɗakin da ƙuma ke sarauta ba. Ko Bulama ya je elbaj, a fitar da tabarmin nan da katifa rana ta gasa su, ko Nabila ta yi jegonta a gidan hayarmu, in nemo mai yi mata wanka."

Nan tsohuwa ta miƙe zaune sosai.

"Ina raye wata ta wanke mini tattaɓa-kunne? Ni da na wanke ubanka, na wanke ka, kana tsala ihu kamar akuyar da aka taka wa wutsiya?"

"To ba ni shi mu tafi."

Ya sauke buhun daga kafaɗa, ya buɗe bakinsa, ya durƙusa yana "mus, mus." Bulama ya dube shi sau ɗaya, ya kai masa yakushi a hannu, ya shige ƙarƙashin zanen Ya Kellu. Na zaci tsohuwa za ta yi shewa. Ba ta yi ba. Idonta yana kan buhun, fuskarta ta canza gaba ɗaya.

"Muhsinu, naɗe buhun nan."

"Kaka, ɗaukarsa kawai zan…"

"Na ce ka naɗe. Ka ɗauka jiya aka haife ni? Na san abin da ake nufi in an shigo wa mage da buhu. A ɗaure baki, a kai ta bakin kogi ko bayan gari, a juyo ana cewa ta ɓata."

"Haba Kaka!"

"Ranar da muka gudo daga Damasak, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wasu tukunya, wasu akwati. Ni wannan na tarar a bakin ƙofa, ɗan mitsitsi, ko ido bai gama buɗewa ba. Na goya shi a baya na shiga kogin Komadugu, ruwa har ƙirji. Gida ya tafi, awakina sun tafi, kakanka ya rasu a sansanin Asaga a ƙarƙashin tanti. Cikin abin da na fito da shi daga gidana, wannan kaɗai ke numfashi. Shi ne za ka sa a buhu?"

Wallahi sai da na ji tausayinta ya kama ni, ni da nake zagin muzurun nan kullum saboda naman miyata. Muhsinu ya naɗe buhun ya jefar bayan murhu. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, amma bai sauka daga bakansa ba.

"Kaka, in da yar da shi zan yi, da sallama zan shigo? So nake ya daɗe. So nake yaron nan ya yi wayo ya ja masa wutsiya, ki ce masa, 'Ka ga wannan? Da shi muka ƙetare kogi.' Abin da ruwa bai ci ba, kada ki bari tsutsa ta cinye."

Ya Kellu ta shafa yagaggen kunnen. Can ta ja tsaki.

"Wa ya koya maka magana? Ba ubanka ba dai."

"Zama da tsohuwar mata."

"Allurar, da zafi?"

"Bai kai cizon ƙuma ba. Shekara ta zagayo a sake."

"Kowace shekara? Ashe aure za su ƙulla da likitan." Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. "Tafi ka taro mana adaidaita. Kuma ka sani, ba don kai ba ne."

Ta kunce ɗan zanen da ke kafaɗarta, ta sunkuya, ta aza Bulama a baya, ta ɗaure tam a ƙirji. Muzurun da ya gama yakushin ƙato bai ko motsa ba, ya leƙo da kai ta saman zanen. Ta buɗe kwali, ta zaɓi tarwaɗa mafi girma, ta danƙa wa Muhsinu.

"Ungo, kai wa Nabila. Kai kuma ka tsotsi ƙaya. In allura ta yi saura, zan ce a tsira wa mijin banza, ko ya daina haushi da safe."

Muhsinu ya fashe da dariya, yana lasar yakushin hannunsa. "Yanzu haka za ki ratsa gari, amarya da goyon miji?"

"Bari ya more," in ji ta, ita ma tana dariya, tana gyara ƙullin zanen. "Goyonsa na ƙarshe ke nan. Mai wurin yana hanya."